Tazarar Ɗan Yatsa

"Ko yaron nan ya zo ya zauna a gabana ya faɗi abin da ke tafe da shi, ko in ba Mai Tayil amsa. Na gaji da shan lemon mutum ina kallon ƙasa."

Baba ne ya faɗi haka da safe yana ɗaura agogo. Ko kallona bai yi ba.

Na ce, "Baba, lemon nan fa ba wanda ya roƙi Mai Tayil ya kawo."

Sai ga Gwaggo daga kicin, ludayi a hannu. Ƙanwar Baba ce. Tun rasuwar mahaifiyarmu take riƙe da gidan, tun kuma ranar da Mai Tayil ya gyara mana banɗaki kyauta take riƙe da maganarsa.

"Ji bakinta, Yaya! Mutum da shago mai ƙofa biyu, da mota mai sanyi, ita ta liƙe wa mai hura kwalba. Me ya tara? Iska?"

"Gwaggo, ba kwalba yake hurawa ba."

"To me yake hurawa? Ke yake hurawa. Ga kanki nan ya kumbura."

Baba ya ɗaga hannu. "Bahaguwa, ba yarinya ba ce ke, kuma ban taɓa ɗaure ki ba. Ke da bakinki kika ce min idan aka yi baje kolinku yaron nan bai nuna da gaske yake ba, kin haƙura, in karɓi maganar Mai Tayil. An yi haka ko ba a yi ba?"

An yi. Cikin fushi na faɗa, amma Baba ba ya ware maganar fushi da ta sanyin rai. Duk aljihu ɗaya yake zuba su.

"Gwaggonki za ta je ranar. Abin da idonta ya gani, da shi zan yi aiki."

Gwaggo ta gyara tsayuwa kamar wadda aka naɗa alƙali.

Na ɗauki jakata na fita. Ban yi kuka ba. Sai da na shiga bas.

*

Gidan aikinmu tsohon sito ne da ƙungiyar unguwa ta karɓa ta gyara don kowa ya zo ya koyi sana'a. Gaba na masu yumɓu ne, baya na masu gilashi.

Ni ba wanda ya koya min ginin yumɓu. A waya na koya, wayar ma fuskarta a tsage. Da yake da hagu nake komai, sai na riƙa juya faifan gini ta baya, saɓanin yadda kowa ke juyawa. Kafin a samu mai gaya min, hannu ya riga ya saba. Shi ya sa idan ka leƙa cikin kofin da na gina, zagayen nan da yatsa ke bari a ƙasa, mai kama da bayan dodon koɗi, nawa hagu yake bi. Na kowa dama.

Yanzu ni ke jera kaya a tanderu. Dokar aikin guda ce. Duk abin da aka shafa wa ruwan ƙyalli, a bar tazarar ɗan yatsa tsakaninsa da maƙwabcinsa. Ruwan ƙyallin nan kafin wuta kamar alli yake, ya bushe ya rufe komai. A cikin wuta yake narkewa ya zama gilashi. Idan abu biyu suka taɓa juna a lokacin, shi ke nan, an ɗaura. Ba mai raba su sai guduma.

Tun da na karɓi tanderun nan, ko cokali biyu ban taɓa haɗawa ba.

Shi kuwa Mai Busa, wanda Gwaggo ke kira mai hura kwalba, a baya yake. Aikin gilashi ba na mutum ɗaya ba ne. Shi zai zauna a benci yana mirgina bututun ƙarfe, narkakken gilashi ja wur a bakin bututun, wani kuma ya tsuguna a ɗaya bakin. In ya ce "busa" a busa, in ya ce "tsaya" a tsaya.

Ni ce mai busa masa. Da can. Duk wata fitila da tulun fure da ya sayar bara, numfashina ne a ciki. Mutumin nan magana tsada take masa, "busa" da "tsaya" su ne hirarmu mafi tsawo. Amma yadda yake cewa "tsaya" ɗin nan, a hankali, kamar yana tsoron kar in gaji... bari dai.

Sai mahaifiyarsa, Umma, ta kawo mana 'Yar Kwas.

'Yar aminiyarta ce. Ta je ƙasar waje ta yi wani gajeren kwas, ta dawo da gyale naɗe a wuya ko a gaban wutar gilashi, da tabarau wanda ba na magani ba. Ba ta cewa tana gini. Cewa take tana "tattaunawa da ƙasa". Ni dai duk zamana da yumɓu bai taɓa ce min uffan ba, sai dai ya ɓata min riga.

Ranar da ta ga ina juya faifai ta baya, dafe ƙirji ta yi. "Kai! Wannan ai tawaye ne ga tsarin da aka gada!"

Na ce, "A'a, hagu ce."

Abin da ta gina don baje koli wani dogon curi ne mai rami a tsakiya, ya kusa kai min gwiwa. Sunansa wai Kaɗaicin Mace A Zamanin Gaggawa. Idan ba a gaya maka sunan ba, za ka rantse suri ne babur ya buge.

Duk wannan mai sauƙi ne. Wanda ba sauƙi shi ne da na shiga da safen nan na leƙa baya, na tarar da ita tsugune a gurbina, bakinta a bututuna.

"Busa," in ji shi.

Ta busa.

"Tsaya."

Ta ɗago tana lumshe ido. "Ji nake kamar na ba shi wani yanki na ruhina."

Ruhi. Ni da na yi ta busawa har kumatuna suka yi tsami, ban taɓa cewa ya wuce iska ba.

*

Da rana ina goge kantocin tanderu Mai Busa ya zo ya tsaya a bayana, da wani abu naɗe a tsumma.

"Bahaguwa. Na kawo abu a sa min a wuta."

Ya kwance tsumman a hankali kamar mai buɗe jariri. Kofi ne. Karkatacce, baki a gicciye, hannu kamar kunnen jaki. An shafe shi ciki da waje da ruwan ƙyalli. Ko a bushe na gane ruwan. Shuɗin 'Yar Kwas ne, wanda ta zo da shi a gwangwani daga waje, take kulle shi a akwati, ko ɗigo ba ta ba kowa.

Shi ta ba shi.

"Kin gane shi?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Na gane shuɗin."

"Ba shuɗin ba. Kofin."

"Me zan gane a ciki? Duk wanda ya gina wannan, a karɓe masa yumɓu a ba shi haƙuri. Ji nauyi! In ka jefi kare da shi sai an kai ka ƙara. Ita ta gina maka, ko tare kuka tattauna da ƙasar?"

Fuskarsa ta sauya. Ya kalli kofin, ya kalle ni.

"Haka kike ganinsa?"

"Haka yake. Irin abin da ya kamata a jefar tun farko ne, a daina wahalar da rai a kansa."

"A jefar."

"A jefar."

Ya ce, "Shi ya sa mota mai sanyi ke ajiye ki a bakin titi?"

"Ruwa ake yi ranar! Kuma Gwaggo na ciki, ita ta ja ni. Kai wa ka ba bututuna?"

"Ke kika ce aikin baje koli ya yi miki yawa."

"Na ce ya yi min yawa, ban ce na mutu a raba gado ba!"

Nan hawaye suka ci amanata. Na sa bayan hannu na share, na manta da toka a jiki, na zama kamar wadda ta faɗa murhu.

"Umma ce ta ce in taimaka wa 'Yar Kwas," in ji shi. "Kin san Umma."

"Na san Umma. Umma ta san ni?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka taɓa faɗa mata sunana? Ko sau ɗaya? Ko cewa ka yi akwai wata mai tanderu, ba ta cizo?"

"Ina jiran lokaci ne. Na so in gama wani abu tukuna."

"Lokaci. Ka san abin da Baba ya ce min yau da safe?"

"Me ya ce?"

Na buɗe baki zan faɗa. Wallahi na buɗe. Sai muryar 'Yar Kwas ta taso daga baya, siririya, da shagwaɓa a ciki.

"Malam! Gilashinmu zai huce fa!"

Gilashinmu. Kuma ya waiga. Kafin ya tuna ina tsaye, wuyansa ya riga ya juya.

Na ce, "Ya ce a gaishe ka."

Na karɓi kofin na dangwarar a kan tebur.

*

Da na zo jera kaya, 'Yar Kwas ta biyo curinta har bakin tanderu tana ba ni umarni.

"Don Allah ki ba shi sarari. Aikin nan yana buƙatar ya yi numfashi."

Na ce, "To. Ko fanka zan sa masa?"

Ba ta ji ba, ko ta yi kamar ba ta ji ba. Ta tafi.

Na jera kwanonin ɗalibai, na jera kofunana, kowanne da tazararsa. Na sa curinta a kantar ƙasa. Gurbin da ya rage a gefensa shi ne daidai kofin.

Na ajiye shi. Na sa yatsa tsakaninsu na auna, kamar kullum. Daidai.

Na tsaya ina kallonsu. Shuɗi ɗaya. Gwangwani ɗaya. Wataƙila ma buroshi ɗaya, suna miƙa wa juna suna dariya. Ranar baje koli za a ajiye su a tebur, Gwaggo ta gani, Umma ta gani, kowa ya ce kai, sun dace.

Yatsan nan da na auna da shi bai koma aljihu ba. Ya zagaya bayan kofin, ya tura shi kaɗan.

Ƙas. Bakin kofin ya taɓa cikin curin.

Na ce a raina, tun da kuna son juna, ku je. In kun fito a manne sai kwandon shara, daga ke har shi ba mai baje komai.

Na rufe ƙofa na kunna wuta. Hannuna ko rawa bai yi ba. Ina faɗa ne don kar a ce shaiɗan. Shaiɗan bai san inda makunnin yake ba.

Da tanderu ya huce muka taru buɗewa. Na zaro kantar ƙasa, ga su nan kuwa, kofi liƙe a ƙugun curi kamar goyo, shuɗin ya narke ya haɗe su. Na kau da kai, na shirya fuskar jaje.

'Yar Kwas ta ƙwalla ƙara.

Ba ta baƙin ciki ba.

"Wayyo! Ku duba! Wuta ta yi magana! Kaɗaicin ya samu abokin zama!" Ta rungume abin tun da ɗuminsa. "Wannan ba kuskure ba ne, saƙo ne. Kar wanda ya taɓa, zan sake masa suna!"

Ta lulluɓe shi da gyalenta ta yi ciki da shi.

Aka watse, ya rage ni da Mai Busa.

"Ke kika jera?"

"Ni."

"Tanderunki bai taɓa haɗa kaya ba."

"Komai da ranar farawarsa."

Ya daɗe yana kallona, idonsa ya kaɗa. "Na gane," ya ce. "Ba sai kin faɗa da baki ba."

Ya juya ya tafi. Ban san me ya gane ba. Ni dai abin da na gane shi ne na haƙa rami, kuma daidai tsawona.

*

Ranar baje koli sito ya cika. Gwaggo ta zo, kuma ba ita kaɗai ba. Mai Tayil na biye da ita, turarensa na biye da shi.

Ya zagaya teburina yana ƙwanƙwasa kofuna da zobe. "Ranki ya daɗe, waɗannan ana samunsu a katan?" Kafin in amsa ya ci gaba. "Ba komai. In an yi biki hannunki ya huta. Matata ba za ta taɓa laka ba. Kofi kuwa, akwai wanda ba ya fashewa, zan cika miki kabad."

Gwaggo ta ce, "Kin ji mutum."

Na ce, "Na ji, Gwaggo. Tun daga ƙofa nake jin sa."

Umma na zaune a kujerar gaba da jakarta a cinya. Mai Busa yana can ƙarshen ɗaki jingine da bango, bai kalli inda nake ba.

'Yar Kwas ta tafa hannu aka yi shiru. Ta yi jawabi a kan wuta da ƙaddara da abin da ƙasa ta raɗa mata, har wani tsoho ya fara gyangyaɗi. Sannan ta yaye gyalen.

"Na sa masa suna Haɗuwar Rayuka Biyu."

Aka fara tafi. Sai Umma ta miƙe tsaye, jakarta ta faɗi.

"Kofin nan! Ai na san kofin nan!" Ta matso tana nunawa. "Shekara da shekaru yana kan kanta a ɗakinsa, fari fat ba fenti. Ko ƙura bai yarda in goge masa ba. Ranar da na ce zan zuba gishiri a ciki, cewa ya yi, Umma, wannan na wadda zan aura ne, ranar da na shirya zan ƙarasa shi in kai gidansu."

Ta juya ta kama 'Yar Kwas ta rungume. "Ashe ke ce! Ashe tun can kun san juna kuka ɓoye mana! 'Yata, Allah ya yi miki albarka!"

Ɗaki ya ɗauki sowa. 'Yar Kwas ta sunkuyar da kai tana murmushi. Na nemi fuskarsa. Yana nan jikin bango, kansa a ƙasa, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Wadda zai aura. Ni ko sunana bai kai gida ba, ita kofinta har kanta gare shi.

Gwaggo ta riga ta zaro waya. Ita ba ta yarda da waya a kunne ba, kullum a lasifika take sa ta, ta riƙe a gaban baki kamar faranti.

"Yaya? Na gani da idona. Uwarsa ma ta sa albarka a gaban jama'a. Ka kira bawan Allahn nan ka ba shi amsa, ga shi ma a kusa da ni."

Mai Tayil ya gyara wuyan riga.

Na ɗauki jakata. Hanyar fita ta gaban teburin ta bi, na ce bari in kalli abin da ya kashe ni sau ɗaya kafin in tafi.

Na leƙa cikin kofin.

Allin nan da ya rufe shi ya narke ya zama garau kamar ruwa. Shuɗin ya gangara ya kwanta a cikin zagayen da yatsa ya bari a ƙasa, ya fito da shi sarai.

Hagu yake bi.

Na sake kallon hannun nan mai kama da kunnen jaki. Na tuna wata yarinya mai tsagaggiyar waya, da kofinta na farko da ya fito daga wuta bai fashe ba. Ta kalle shi ta ga muninsa, ta wurga a kwandon shara. Wani mai gilashi da bai taɓa yi mata magana ba ya ce, "Kar ki jefar." Ta ce, "In kana so ka sha da shi."

Ashe ya ɗauka.

Ashe wadda na ce a karɓe wa yumɓu a ba ta haƙuri, ni ce.

"Gwaggo," na ce, "kar ki kashe wayar."

Muryata ta fi yadda na so ƙarfi. Kowa ya juyo.

"Kofin nan nawa ne."

Umma ta saki 'Yar Kwas ta dube ni sama da ƙasa. "Ke kuma wace ce?"

"Mai tanderu ce, Umma. Ina wuni."

Na ɗauko kofi ɗaya daga teburina na miƙa mata. "Ki leƙa cikin wannan, ki leƙa cikin wancan. Duk gidan nan ni kaɗai ke juya faifai ta baya."

Ta ciro tabarau, nata na magani ne, ta leƙa nan, ta leƙa can. Ta daɗe. Sannan ta ɗaga murya ba tare da ta waiga ba.

"Kai! Zo nan. Yau ba busa ba tsaya, buɗe baki za ka yi. Na wace ce?"

Ya taho kamar mai tafiya a kan garwashi. "Nata ne, Umma."

"Shi ne ka tsaya kana kallona ina rungumar 'yar mutane?"

"Ta ce a jefar da shi. Na kawo mata ta ce a daina wahalar da rai a kansa. Sannan ta haɗa shi da na wata. Na ɗauka amsata ke nan."

"Ban gane shi ba ne!" Kuka ya ƙwace min, a gaban Mai Tayil, a gaban kowa. "Ka kawo min shi shafe da shuɗinta, me kake so in gani? Ni shuɗin kawai na gani! Duk ruwan ƙyallin da ke gidan nan, wanda na dama da hannuna, ka rasa wanda za ka shafa sai nata?"

"Ke kika taɓa cewa shi kaɗai ne abu mai kyau da ta dawo da shi."

Na faɗa kuwa. Ban san yana ji ba. Matsalar marasa magana ke nan, komai suna ajiyewa.

Umma ta nuna curin. "To ya aka yi ya liƙe da wannan?"

Na ɗaga yatsa. "Ni na tura shi. Da wannan."

"Don me?"

"Don kar a baje su tare."

"Kika ɓata kofinki da hannunki saboda kishi?"

"Ban san nawa ba ne, Umma. Na ɗauka nata nake ɓatawa."

"Kuma kike faɗa ba kunya."

"Da kunya. Fuskata ce ba ta nunawa."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka tsawatar masa.

'Yar Kwas ta cire tabaranta. Ban taɓa ganin idonta ba gilashi ba. Ƙanana ne, kuma cike da hawaye na gaske. Ta kalle shi.

"Na tambaye ka na wa ne, ka ce na wata ce mai muhimmanci. Na ba ka shuɗina. Ko ni ban shafa shi yadda na zuba maka ba. Na ɗauka..."

Ba ta ƙarasa ba. Wannan karon ba ta da jawabi. Na so in ji daɗi, daɗin ya ƙi zuwa.

Sai wata murya ta fito daga tafin hannun Gwaggo.

"Ba ni yaron."

Gwaggo ta zabura. Ta manta Baba na kan layi. "Yaya, ai maganar..."

"Na ji komai. Ke kika sa ni a lasifika. Ba ni shi."

Mai Busa ya karɓi wayar da hannu biyu, har da rusunawa, kamar Baba na ganinsa. "Baba, ina wuni."

"Tun yaushe kofin nan ke wurinka?"

"Tun ranar da ta jefar da shi."

"An ce mummuna ne."

Ya saci kallona. "Mummuna ne, Baba."

"To. Wanda ya riƙe mummunan kofi bai yar ba, zai iya da halin 'yata. Gobe ka zo. Ka zo da shi in gani."

Har yau ban tantance ko yabona Baba ya yi ba.

Umma ta ɗauki jakarta ta kakkaɓe. Ta sake dubana, wannan karon a hankali. "Tare za mu zo. Ina so in ga gidan da aka raini wannan bakin."

Mai Tayil ya duba agogo ya tuna yana da kaya a hanya. Gwaggo ta raka shi da ido har ƙofa, ta sauke ajiyar zuciya. "Banɗakin dai ya riga ya bushe," ta ce.

Saura abu ɗaya. Baba ya ce a zo da kofi, kofi kuwa na goye a ƙugun Kaɗaicin Mace.

'Yar Kwas ta shiga baya ta fito da guduma.

"Ɗaya sai ya fashe, ko?" ta tambaye ni.

"Sai ya fashe."

"Kin san wata nawa na yi a kan aikin nan?"

"Na sani. Ki yafe min. Ni na yi laifin, nawa ya kamata."

Mai Busa ya yi taku ɗaya, na riƙe shi da ido. Ta ɗaga gudumar. Na runtse.

Tas!

Na buɗe ido. Curin ya zube gutsi-gutsi a kan tebur. Kofin na kwance a tsakiya, ko tsagewa bai yi ba. Dama na faɗa, nauyinsa kamar dutse ne.

Ta ja hanci, ta mayar da tabaranta, ta dubi tarkacen. "Kar wanda ya share," ta ce. "Sunansa 'Yanci."

Aka tafa mata. Har da ni, kuma da gaske.

Da jama'a suka ragu na ɗauki kofin na juya shi. A leɓensa, daidai inda mutum ke sa baki, wani ɗan guntun curinta ya maƙale, shuɗi, yana ƙyalli.

Na nemo dutsen wasa wuƙa, na zuba ruwa, na zauna a bakin tanderu na fara gogewa.

Ya zo ya tsuguna a gabana. "Bar shi mana. Ai tarihi ne."

"Tarihin wa? Nan fa za ka sa bakinka kullum da safe."

"Bahaguwa, ɗan ƙarami ne."

"Ita ma da ta zo 'yar ƙarama ce."

Ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin a ba wata bututuna. Ya sassauta murya, ya faɗe ta yadda yake faɗa, a hankali, kamar yana tsoron kar in gaji.

"Tsaya."

Ranar ce ta farko da ya ce tsaya ban tsaya ba.